Siririn layin da ke tsakanin tayil: Ƙaramin aiki mai riƙe da ɗaki

 Kafin ku ci gaba da karatu, ku ɗan sunkuyar da kai ku dubi ƙasan inda kuke. Idan akwai tayil a ajinku, ko a falon gidanku, ko a masallaci ko cocin unguwarku, ku bar kallon ƙyallinsa, ku kalli siririn layin nan da ya raba ɗaya da ɗaya. Fari ne ko ya yi baƙi? A cike yake ko ya rarake? Idan kun kankara da farce, gari ne ke zubowa ko yana nan da ƙarfinsa?

Amsar da kuka samu ita za ta gaya muku irin hannun da ya yi aikin. A wannan makon mun tsallaka Kogin Kaduna zuwa unguwannin kudancin gari, mun leƙa wuraren da ake gine-gine, don mu kawo muku bayani kan wannan layi: me ya sa ake barin sa, da me ake cike shi, yaya ake cikewar, kuma wane abinci ne a ciki ga matashin da ya iya.

Daga daɓe zuwa tayil

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba. A da, idan za a kai amarya, mata ne ke taruwa su zuba tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Daga nan a shafe ta da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, daɓe ya yi ja, ya yi ƙarfi. Shimfiɗa ɗaya ce daga ƙofa har ƙurya, babu mahaɗa. Da siminti ya zo, shi ma haka ake shafe ɗaki da shi a ɗora leda ko kafet.

Tayil kuwa gutsure-gutsure ne ake jerawa, kuma duk inda biyu suka haɗu an sami kafa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasan ɗaki, ƙadangaren shi ne ruwa da datti da tururuwa.

Me ya kai mu kudancin Kaduna?

Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ya ji labarin zamanin masaƙu daga bakin iyayensa. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. A wancan lokaci, yaro na gama makaranta ya san akwai ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka koma gida.

Amma garin bai daina faɗaɗa ba. Daga Barnawa da Narayi, gini ya miƙa Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora da Kamazou. Gidajen haya, makarantu masu zaman kansu, shaguna, otel-otel, wuraren ibada, da wuya ka ga sabon gini yau da ba a sa masa tayil ba. Shi kansa tayil ɗin yanzu ana yin sa a cikin ƙasa, a masana'antu irin na Ajaokuta a Jihar Kogi da Sagamu a Jihar Ogun, ban da wanda ake shigowa da shi daga Sin da Indiya da Sifen da Italiya.

Sai dai ga abin da ya kamata ya dame mu. Sanannen abu ne a harkar gini a Najeriya cewa masu gida da yawa, idan suna son aiki mai tsafta, masu sa tayil daga Togo da Jamhuriyar Benin suke nema. Tayil ɗin ɗaya ne, simintin ɗaya ne. Abin da masu gida ke yabawa a aikinsu shi ne kammalawa: layi a miƙe, ciko a cike, ƙasa a goge. Wato daidai wurin da mu muke gaggawa, nan su suke natsuwa.

A wani gini da muka leƙa a Unguwar Romi, mun tarar oga ya gama jera tayil ya wuce wani aikin, ya bar wa yaronsa, wanda bai wuce shekara 16 ba, bokitin farin siminti da guntun silifas. Yaron ya dama simintin ya yi ruwa tsululu, ya kwarara a ƙasa, ya bi da silifas yana shafawa. Cikin ƙasa da awa guda ya gama falo. Ɗaki ya yi fari fes, kowa ya ji daɗi. Ba laifin yaron ba ne, abin da ya ga ana yi ke nan. Amma mun san abin da zai faru da wannan layin kafin damina biyu, domin mun gan shi a ajujuwa da yawa: ya tsage, ya zube, ya yi baƙi.

Dalili ɗaya da ke jawo haka shi ne yadda ake biyan kuɗin aiki. Da murabba'in mita ake lissafi, don haka hankalin kowa na kan yawan tayil da aka jera. Cikon layi ana ɗaukar sa kamar shara ce ta ƙarshe, sai a bar wa ƙaramin yaro. To, tunda ku ne yaran da ake bar wa, ku ne ya fi kamata ku san shi ciki da waje.

Me ya sa ake barin layi tun farko?

Masu gida da dama kan ce a manne musu tayil ba tare da layi ba, wai ya fi kyau. Akwai dalilai uku da suka sa gwani ba ya yarda.

Na farko, tayil yumɓu ne da aka gasa a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000. Wajen gashi yakan ɗan tsuke, don haka ko a kwali ɗaya za ka sami wani ya ɗara wani da ɗan kaɗan. Layi ne ke shanye wannan bambanci har ido bai gani ba.

Na biyu, kun karanta a darasin kimiyya cewa abu na buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya ji sanyi. Tayil na yin haka, kankaren da ke ƙarƙashinsa ma na yi, amma ba daidai da juna ba. Idan babu inda za su motsa, sai su tokari juna. Wannan ne ke sa wata rana a ji ƙara kamar an fasa kwalba, a zo a tarar tayil ya ɗago a tsakiyar ɗaki kamar tanti. Wasu har su ce aljanu ne.

Na uku, gefen tayil shi ne wurin da ya fi rauni. Ciko mai ƙarfi yana tallafe shi, ya hana shi ɓantarewa idan an ja kujera ko benci.

Saboda haka ake sa 'yan robobin nan masu kama da alamar tarawa a tsakanin tayil lokacin jerawa. Ga ƙasan ɗaki, milimita 3 faɗi ne mai kyau. Tayil mai gefe a yanke sumul kan iya ɗaukar milimita 2, na tsakar gida da baranda kuma a ba shi 5 ko fiye.

Da me ake cikewa?

Farin siminti zalla shi ne aka fi amfani da shi a nan, saboda araha da sauƙin samu. Ɗan uwan siminti ne na gini, irin wanda wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824. Abin da ya sa ya fita fari shi ne an yi shi da kayan da ba su da sinadarin ƙarfe sosai. Yana aiki a siririn layi idan an dama shi da kauri. Aibinsa shi ne yana tsukewa idan ya bushe, don haka yakan tsage a layi mai faɗi, kuma yana shan datti.

Sai garin ciko na musamman da ake sayarwa a leda a shagunan tayil. Shi ma siminti ne, amma an haɗa shi da lallausan yashi ko garin dutse, da launi, da sinadaran da ke ƙara masa danƙo da rage shan ruwa. Wanda ke da yashi shi ya dace da layin da ya kai milimita 3 zuwa sama, domin yashin ne ke hana shi tsukewa. Marar yashi na siririn layi ne, da kuma dutse mai santsi irin mabul wanda yashi zai iya karcewa.

Na uku shi ne ifoksi. Wannan ba siminti ba ne, sinadarai ne biyu ko uku da ake haɗawa su daskare kamar roba mai tauri. Ba ya shan ruwa ko mai, shi ya sa ake son sa a asibiti da ɗakin gwaje-gwaje da kicin na otel. Yana da tsada, yana saurin kamawa, kuma idan ya bushe a fuskar tayil fitar da shi wahala ce. Ba da shi ɗan koyo ke farawa ba.

Game da launi, shawararmu ita ce a yi la'akari da jar ƙurar Kaduna. Farin layi a ƙasan aji ko shago kwana kaɗan yake yi da farinsa. Ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri.

Yadda ake aikin, mataki-mataki

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu, cokalin gini, faffaɗar roba mai mariƙi ta shafa ciko, soso mai laushi, tsumma busasshe, burushi, da safar hannu. Guntun silifas na iya tsayawa a madadin robar idan babu, in dai mai tsafta ne kuma gefensa a miƙe.

Mataki na farko, jira. Kada a cike layi ranar da aka jera tayil. A ba shi aƙalla awa 24, idan kuma a kan kwaɓin siminti da yashi mai kauri aka ɗora shi, kwana biyu ya fi. Idan aka rufe layi alhali ƙasa na jiƙe, danshin zai biyo ta cikin cikon ya fito da wani farin gishiri a sama, launi ya yi dabbare-dabbare. Taka tayil da wuri kuma na iya gusar da shi.

Mataki na biyu, share layi. A cire robobin nan duka. A kankare simintin da ya taso cikin layi har zurfin ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, a share ƙura da burushi. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Cikon da aka shafa a kan datti fenti ne kawai, tsintsiya ma na iya ɗauke shi. A nan ne kuma ake ƙwanƙwasa kowane tayil da ƙotar cokali. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, a gaya wa oga a gyara tun yanzu, domin ciko ba ya maganin tayil mai motsi.

Mataki na uku, damu. A fara zuba ruwa mai tsafta a bokiti, sannan a riƙa barbaɗa gari ana juyawa. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin leda. Idan ya yi ruwa kamar koko ya ɓaci, idan ya yi tauri kamar tuwon da ya kwana ba zai shiga ba. Abin da ake so shi ne kaurin man goge baki: a ɗebo da cokali, a karkata, ya tsaya bai zuba ba. A bar shi ya huta minti 5 zuwa 10, a sake juyawa ba tare da ƙara ruwa ba. Kuma a dama kaɗan-kaɗan, daidai wanda za a iya gamawa da shi cikin rabin awa.

Me ya sa muke nanata maganar ruwa? Siminti ba bushewa yake yi kamar laka ba, haɗuwa yake da ruwa su zama dutse. Ruwan da yake buƙata don wannan haɗuwa kaɗan ne. Duk wanda ya yi rara sai ya tashi a iska, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani a gurbinsa. Waɗannan ramuka su ne gidan datti, su ne kuma ke sa ciko ya zama gari. Wannan shi ne kuskuren yaron da muka gani a Romi. Haka nan idan kwaɓi ya fara kamawa a bokiti, ƙara masa ruwa kashe shi ne. A zubar, a dama sabo.

Mataki na huɗu, cusawa. A fara daga ƙuryar da ta fi nisa da ƙofa, ana ja da baya, kada mutum ya rufe kansa a ciki. A ɗauki wuri kaɗan, kamar murabba'in mita ɗaya ko biyu. A karkata robar, a danna kwaɓin cikin layi da ƙarfi, ana tafiya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan aka bi layi a miƙe, bakin robar zai faɗa ciki ya kwaso abin da aka zuba. A maimaita sau biyu ko uku har layin ya ƙi karɓa. Daga nan a miƙar da robar tsaye a kwashe rarar da ke kan tayil.

Mataki na biyar, gogewa da soso. A jira kamar minti 15 zuwa 30. Gwajin shi ne a taɓa layi da yatsa: idan ya yi ƙarfi bai manne a hannu ba, lokaci ya yi. A tsoma soso a ruwa, a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a goga a karkace da hannu marar nauyi. Shafa ɗaya, a juya soso, shafa ɗaya, a wanke. A riƙa canja ruwan bokiti da zarar ya yi fari. Soso mai ruwa da yawa yana wanke simintin saman layi ya bar shi da rami da launi marar daidaito.

Mataki na shida, cire hazo. Bayan awa biyu ko uku za a ga wani farin hazo ya kwanta a fuskar tayil. A goge shi da busasshen tsumma a ranar. Idan ya kwana biyu ya zama aiki.

Mataki na bakwai, a rufe ƙofa. Kada a taka sai bayan awa 24. Kada a wanke da ruwa ko a shigo da kaya masu nauyi sai bayan kwana uku.

Akwai wurin da ba a cikewa da siminti ko kaɗan: inda ƙasa ta haɗu da bango. A nan ana barin 'yar tazara wadda sikatin zai rufe, ko a cike ta da silikon mai laushi, don ƙasa ta sami wurin numfashi. Babban zaure kamar ɗakin taro ko doguwar baranda mai shan rana, shi ma ana raba shi da irin wannan layi mai laushi a tsakiya.

Kowane lokaci da nasa hali

A Kaduna, yanayi na cikin kayan aiki. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska busasshiya ce, tana zuƙe ruwan ciko kafin siminti ya gama haɗuwa da shi. Sai a rufe tagogi, a ɗan shafa jiƙaƙƙen soso a layi kafin a fara, amma kada ruwa ya kwanta. Washegari a yi masa yayyafi kaɗan don ya ƙara ƙarfi. Da bazara, a Maris da Afrilu, kwaɓi na saurin kamawa, don haka aikin baranda da tsakar gida da sassafe ko da yamma ake yin sa. Da damina kuma komai na jinkirin bushewa, sai a ƙara kwanakin jira, a kuma tanadi leda ta rufe aikin waje.

Ga masu cewa lissafi ba shi da amfani

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, wato kusan mita 3.6 kowane ɓangare. Idan tayil ɗin mai santimita 40 ne, guda 9 za su shiga a tsaye, 9 a kwance, jimla 81. Tsakanin tayil 9 akwai layi 8. Layi 8 a tsaye da 8 a kwance sun zama 16, kowanne mita 3.6. Idan kun ninka za ku sami mita 57.6. Ɗan ƙaramin ɗaki ke nan, amma layin da ke cikinsa ya haura rabin tsawon filin ƙwallo.

Gari nawa zai ci? Idan faɗin layi milimita 3 ne, zurfinsa milimita 8, sai a mayar da su mita a ninka: 57.6 sau 0.003 sau 0.008, wanda ya ba da kusan lita 1.4. Lita ɗaya ta ciko tana da nauyin kusan kilo 1.6, don haka ana buƙatar kilo 2 da ɗan ɗori. A ƙara na asara, a sayi kilo 3. Ku lura kuma, idan tayil ya ƙanƙanta layi na ƙaruwa, idan ya girma layi na raguwa. Matashin da zai iya zaro biro ya yi wannan lissafi a gaban mai gida, ba za a ƙara kallon sa a matsayin ɗan ɗauko-miƙo ba.

Lafiya uwar jiki

Jiƙaƙƙen siminti na cin fata. Ba ya zafi nan take, sai daga baya a ga yatsu sun tsattsage, wani lokaci har da ƙuna. A sa safar hannu ta roba. Idan ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, a tafi asibiti. Wajen zuba gari da yankan tayil a rufe hanci da takunkumi, domin ƙurar na taruwa a huhu. A sami kwali ko tsohon soso na katifa a durƙusa a kai, saboda gwiwa ce jarin mai wannan sana'a.

Sai maganar asid da ake sayarwa a jarka don wanke tayil. Gaskiya ne yana fitar da fari nan take, amma yana yin haka ne ta hanyar cinye saman simintin. Kowane wanki layi na ƙara zurfi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori sun isa wankin yau da kullum. Kuma wannan gargaɗi ku kai shi gida: kada a taɓa haɗa asid da ruwan bilic irin su Hypo. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai guba, wadda a rufaffen banɗaki kan iya kai mutum asibiti ko ma ta yi kisa.

Ƙofar shiga ga mai ƙaramin jari

A Barnawa da Kakuri da Television akwai gidaje da yawa da tayil ɗinsu lafiya lau yake, layin ne kawai ya mutu. Masu gidan na ganin sai sun fasa ƙasa gaba ɗaya, alhali abin da ake buƙata shi ne a kankare tsohon ciko a hankali ba tare da ɓantare gefen tayil ba, a share, a zuba sabo. Ɗakin da aka yi wa haka komawa yake kamar sabo. Jarin wannan aiki bai wuce bokiti da soso da roba da abin kankara ba. Aiki ne kuma na natsuwa da tsafta fiye da ƙarfi, don haka 'yan mata ma ba a bar ku a baya ba. Akwai gidajen da za su fi sakin jiki mace ta shiga ɗakunan ciki.

Hanyar koyo ta farko ita ce ta gargajiya: da izinin iyaye, a bi amintaccen oga a lokacin dogon hutu. Mai son takarda kuma, akwai jarrabawar NABTEB da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, na gudanar da shirye-shiryen koyar da sana'o'i. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana da tsarin ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa mataki-mataki. Wanda kuma ke hangen zama injiniyan gini ko mai zanen gidaje, Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Polytechnic tana nan Barnawa, ba sai an tsallaka gada ba. Sana'a ba ta hana karatu. Ɗalibin da ya taɓa durƙusawa ya cike layi da hannunsa, ranar da ya zama mai duba gini ba wanda zai rufe shi.

Aikin gida

Ga gwajin da za ku yi da taimakon malamin kimiyya. Ku sami marfin kwalba biyu da farin siminti cokali huɗu. Ku sa safar hannu. A marfi na farko ku zuba kwaɓi mai kauri kamar man goge baki, ku danna shi sosai. A na biyu ku zuba mai ruwa kamar koko. Ku ajiye su a inuwa mako guda. Daga nan ku kankari kowanne da ƙusa, ku kuma ɗiga masa zoɓo digo ɗaya ku ga wanda zai shanye. Ku rubuto mana abin da kuka gani, tare da lissafin tsawon layin da ke cikin ajinku. Za mu buga amsoshin da suka fi tsari.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.